Dangwale Goma Sha Biyu

Litinin, 17 ga Afrilu 1961, bayan la'asar, Kebbe

Yau ajin Yaƙi da Jahilci bai zauna ba. Na jingina allo ga gindin tsamiya ke nan, sai ga Baba Ɗangiwa, shugaban masu ginar rijiya, da mutanensa goma sha ɗaya a bayansa, ba wanda ya riƙo fensir. Rabinsu ɗalibaina ne. Na ce, "Lafiya? Yau karatun da rundunar yaƙi za a yi shi?" Ba wanda ya yi dariya, har Na'iya, wanda ko wurin zaman makoki sai an harare shi yake rufe baki.

Ga maganar. Rijiya ukku sunka gina wa wani ɗan kwangila, biyu nan Kebbe, ɗaya a Fakku, irin na gwamnati da ake zuba wa siminti har ƙasa. Kwana saba'in, sule ukku a wuni, kowa na bin fam goma da sule goma. Abinci kaɗai yake ba su, ya ce kuɗɗi sai an gama an auna. An gama ran takwas ga wata. Jiya sunka taka har Tambuwal, ya fito zaure yana sakace haƙori, ya ce ai ya biya su, ga takarda ma kowa ya dangwala yatsa.

Ɗangiwa ya ce, "Malam, ni dai ban ga tawada ba, ban ga sule ba. Kai ka iya rubutun da alƙali ka karantawa. Rubuta muna ƙara."

Ɗan kwangilar kawuna ne, Alhaji Namadi, wan Inna. Sun sani sarai. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shidda da ubana ya rasu, shi ya sa ni makaranta, keken da nike hawa ma shi ya saya. Na ce su ba ni kwana biyu.

Da na shigo gida na zauna wankin hannu, na yi ta cuɗawa, har matata Bara'atu ta ce, "Malam, tuwon za ka ci ko sabulun?"

Talata, 18 ga Afrilu, hantsi

Ban rubuta ba. Na fiƙe fensir ukku.

Laraba, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Na rubuta! Kuma wallahi na tsara ta, ko akawun Sakkwato ya gani sai ya gyara zama.

Abin da ya sa ni, da safe na bi ta ƙofar gidan Na'iya, na ji daka. Ya leƙo ya ga ni ne, ya rasa inda zai sa ido. Ashe damen iri matarsa Atu ta sauko da shi daga rumbu. Iri fa! Geron da anka zaɓa zangarniya zangarniya don shuka. Bana ba su tafi cin rani ba saboda aikin rijiyan nan, ga damina saura wata guda. Ya ce, "Malam, an ce mun samu mulkin kai wata bakwai ke nan, an ba ɗiyana tuta sun kaɗa. To tutar ba ta dakuwa." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kunya ta rufe ni tun daga hula har takalmi.

Amma ba wannan ne labarin yau ba. Da na gama na tara su gindin tsamiya don sa hannu. Masu karatu sunka rubuta sunansu, Na'iya ya cinye rabin layi da nasa. Na ɗauko tawada don sauran. Ɗangiwa ya dangwala, sai baƙin tabo kawai, ba zane ko ɗaya. Na ce Baba sake. Ya sake, haka. Na kama yatsan na duba: sumul, kamar bayan cokali.

Ya ce, "Siminti na, Malam. Wanda yay yi wata biyu shina shafa siminti da hannu shina jan igiya, yatsa ba ya da zane. Duba na kowa."

Na duba. Goma sha biyu, duk sumul! Na tashi tsaye na yi kabbara, har awaki sunka watse. Dangwalen da ke takardar Kawu kuwa ras suke, kowane da zanensa zagaye-zagaye. Na taɓa ganin takardar. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ko makaho anka ba yatsun nan ya shafa, ya san ba su sunka yi wancan dangwalen ba. Ba sai an nemi wani shaida ba. Ba sai kowa ya tashi ya faɗi komi ba. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Ɗangiwa dai ya ja mini kunne, ya ce in mutum ya bar siminti, wata guda da 'yan kwanaki zanen na komowa. Na ce haba Baba, kamin nan kun daɗe da kashe kuɗɗinku.

Jumu'a, 21 ga Afrilu, bayan masallaci, Tambuwal

Jiya na kai ƙara, alƙali ya sa ranar Alhamis mai zuwa, an kai wa Kawu sammaci.

Yau na shiga gaida Inna, sai ga shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya miƙo mini goro. Ya ce, "Hamidu, an ce kai ka rubuta."

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"Madalla. Kuɗɗin makaranta ba su faɗi banza ba." Ya ɓare goronsa a hankali. "Ka dai san takardar nan in ta nutse, ba ni kaɗai za ta ja ba."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Maimakon in haɗiye, sai na ce ba ruwan kowa da kowa, yatsun mutanen da kansu za su yi magana, siminti ya cinye zanensu, alƙali na gani magana ta ƙare. Ya tsaya da tauna. Ya ce, "Ashe? Har abada ke nan ba ya komowa?" Ni kuma, ni Abdulhamidu mai satifiket, na buɗe baki na ce, "Sai bayan wata guda."

Kai, wannan baki nawa! Tun daga Tambuwal har Kebbe ina tuƙa keke ina zagin kaina.

Alhamis, 27 ga Afrilu, la'asar

Bai zo ba. Ya aiko wai zazzaɓi ya kama shi a Sakkwato. Mutum goma sha biyu sun taso daga Kebbe da ƙafa tun asuba, cikin wannan zafi na bazara, da ƙullin gari a aljihu.

Na roƙi alƙali ya dubi yatsunsu yau ya shaida. Ya ce, "Malam, ba ni duba hujja bayan idon wanda anka yi ƙara. In na yi maka yau, gobe a yi wa wani a kanka." Gaskiyarsa ce, amma ta yi mini ɗaci. An ɗaga sai Alhamis ta sama.

A hanya Na'iya ya ce zazzaɓin Alhaji mai ilimi ne, ya san ranar shari'a.

Asabar, 29 ga Afrilu, da safe

Kullum sai na zagaya gidajensu ina duba yatsu kamar mai duba kaza ko ta yi ƙwai. Har yanzu sumul.

Alhamis, 4 ga Mayu, bayan azahar

Yau kuma ta'aziyya ya tafi Jega. Wa ya mutu? Ɗan aiken ma bai sani ba.

Alƙali ya fusata, ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce ran sha takwas ga wata ko a kan gado yake ɗan doka ya ɗauko shi. Mutanenmu sunka fito suna murna. Ni na yi lissafi a zuci: daga takwas ga Afrilu zuwa sha takwas ga Mayu kwana arba'in. Kawu ma ya iya lissafi, da shi yake ci.

Ban shiga wurin Inna ba.

Lahadi, 7 ga Mayu, hantsi

Ya fara komowa. Na Na'iya ne farko, siririn zane a gefe. Na kai yatsan rana na juya shi, na tofa yawu na goge, yana nan.

Na'iya ya ce, "To mi a wahala? Ga dutsin niƙa gidan kowa. Mu goga kullum da safe, ran shari'a mu kai masu sumul."

Wallahi raina ya so. Har na buɗe baki in ce a yi, Ɗangiwa ya riga ni. Ya ce, "Ba mu yi. Shekara talatin nika shiga rijiya, igiya guda ta riƙe ni, ban taɓa ƙulla ta da ha'inci ba. Mutumen ga ya kai ƙarya gaban alƙali, mu ma mu kai tamu? To wa za a raba da wa?" Na'iya ya ce gaskiya ba ta shiga tukunya. Ɗangiwa ya ce ya sani, shi ma jiya da rama ya kwana.

Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?" Na ce haka ne, Baba. Ban iya duban idonsa ba.

Talata, 9 ga Mayu, bayan azahar

Sau ashirin da fuɗu. Cikin sallah na tsinci kaina ina ƙirgawa, sai da na yi ƙabli da ba'adi.

Alhamis, 11 ga Mayu, la'asar

Hadari ya haɗu gabas ya watse. Duk gari ana gyaran sungumi. Atu ta sai da tasoshinta biyu na aure. Yatsu tara cikin goma sha biyu sun warke.

Jumu'a, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Bara'atu ta gaji da ni. Ina zaune ina juya tuwo cikin miya, ta janye kwanon ta zauna gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Malam, ni ban yi Yaƙi da Jahilci ba, amma ni ka wanke rigunanka. Ran da anka gama rijiyar Fakku ka komo da tawada har bakin hannun riga. Mai rubutu ga yatsa biyu shika ɓaci. Kai babban yatsa na gani."

To, bari in rubuta shi, tunda takardar nan ba ta da baki.

Ran takwas ga Afrilu Kawu ya tsai da ni bakin kasuwar Kebbe, cikin mota. Ya ce mutanen na can ƙasan rijiya suna kwashe laka, awon gwamnati ya wuce, in takardar biya ba ta isa Sakkwato ranar ba kuɗɗi sai wani wata. Ya ce, "Dangwala masu, ɗana, jibi in kawo masu abinsu. Taimakonsu za ka yi." Takarda biyu ce, ɗaya ta ofis ɗaya tasa, suna goma sha biyu kowace. Na dangwala, sau ashirin da fuɗu. Ko kwabo bai ba ni ba, ya dai ce Allah shi yi mini albarka. Ni da nike tsayawa gaban manya ina ce musu kada su sa yatsa ga abin da ba su karanta ba.

Na ce wa Bara'atu in na faɗi, aikina ya tafi, watakila har gidan yari. Ta ce ta sani. Na ce Inna fa? Ta ce ta sani. Na ce ko na faɗi wa zai yarda, Kawu cewa zai yi ƙarya nike. Sai ta kamo hannuna na hagu ta juya shi. Akwai tabon da wuƙa ta yi mini ina yaro wurin fiƙe alƙalami, ya raba babban yatsan gida biyu.

Ta ce, "Da wanne ka yi?"

Da shi na yi. Hannun dama na riƙe da takarda.

Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji sanyi a rai wanda rabona da shi wata guda. Na cinye tuwon, na nemi ƙari.

Litinin, 15 ga Mayu, azahar, Tambuwal

Na faɗa wa Inna duka. Tana kaɗi, ba ta tsai da mazari ba har na gama.

Ta ce, "In babu shaida mi za a yi?"

Na ce, "Alƙali zai ba shi rantsuwa."

"Da Alƙur'ani?"

"Da shi, Inna."

"Zai yi?"

Na ce zai yi. Ta ci gaba da murza mazarinta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Kawu, su biyu sunka rage. Can ta ce, "Tashi ka tafi, rana na yi." Ba ta sa mini albarka ba, ba ta kuma hana ni ba.

Laraba, 17 ga Mayu, magariba

Bara'atu ta wanke farar rigata. Ta ƙulla mini gari da ƙuli-ƙuli da yawa, ta ce ko da ba a sake ni gobe ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan la'asar, Tambuwal

Mun ci! Mun ci! Bari in zauna in rubuta shi daki-daki.

Kawu ya zo da ƙafarsa, cikin babbar riga shuɗiya, ba alamar zazzaɓi ko ta makoki. Zauren alƙali ya cika har waje. Muhuti, wato magatakardan alƙali, ya karanta ƙarar da na rubuta. Kawu ya zaro takardarsa daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Allah shi gafarta malam, an ce wai yatsunsu ba su da zane. Ga su nan, a duba."

Anka duba. Sun warke tas, har na Ɗangiwa. Na nuna baƙaƙen tabon da ke ƙarshen ƙararmu, Kawu ya ce kowa ya murza yatsa haka za ta fito. Jama'a sunka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce leburori dai ba su da godiya. Na ga Na'iya ya sunkuyar da kai, yau ba wasa a bakinsa.

Alƙali ya tambayi Ɗangiwa ko suna da shaidu. Ya ce, "Sai Allah." Alƙali ya ce to, mai takarda zai rantse, in ya rantse magana ta mutu. Ya ce Kawu ya fita ya yi alwala. Anka ɗauko Alƙur'ani cikin gafaka anka aza bisa buzu.

Ina jin ƙarar ruwan buta daga waje. Ban san sadda na miƙe ba.

Na ce, "Allah shi gafarta malam, a ba ni tawada."

Ya ce, "Kai mai rubuta ƙara ne, ba mai ƙara ba."

Na ce, "Yau shaida ne. A kaina zan ba da ita."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi wa muhuti nuni. Na dangwala yatsan hagu a farar takarda, na aza ta kusa da ta Kawu. Na faɗi yadda anka yi, ranar, da wurin, da motar. Ban tsallake komi ba. Alƙali ya tashi da kansa ya kai takardun bakin ƙofa wurin haske, ya kira muhuti, ya kira limamin da ke zaune, ya kira wani dattijon Bafillace da ya zo tasa shari'ar ta ɓarnar gona. Bafillacen bai san ko harafi ba, amma mutumin da ke gane sawun saniyarsa cikin garke ɗari ba a koya masa duba. Ya bi su da tsinke ɗaya ɗaya, ya ce, "Wanga duk sawun dabba guda na. Ga tsagar nan, ga ta, ga ta."

Kowa ya miƙo wuya yana leƙe. Sai muryar Na'iya: "La ilaha illallahu! Ashe mu goma sha biyu yatsa guda anka raba muna!" Dariya ta ɓarke, ɗan doka na tsawa shi ma yana dariya.

Daidai nan Kawu ya shigo, hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ga takardu biyu hannun alƙali, ya ga yatsana baƙi. Alƙali ya ce, "Alhaji, ga Littafi nan. Har yanzu kana so?" Ya dubi gafakar, ya dube ni. Ban kau da kai ba, karo na farko tun ina shekara shidda. Ya warware hannun rigarsa ya zauna. Ya ce, "A ba ni kwana ukku."

Alƙali ya yanke: fam ɗari da ashirin da shidda, ran Litinin, a nan zauren, a hannun kowane mutum, gaban idonsa. Maganar takardar ƙarya kuma ya ce zai aika da ita gaba. Sannan ya juyo kaina ya wanke ni tas, ba sabulu. Ya ce malamin da ke koya wa mutane tsare yatsunsu shi ya ba da aron nasa. Ya ci ni tarar fam guda, ya ce zai rubuta wa shugabanmu na Yaƙi da Jahilci. Na ce na gode, kuma har zuciya na gode.

A waje sun ɗaga Na'iya sama, wai shi ya fi kowa rashin nauyi yanzu. Ɗangiwa kaɗai bai shiga murnar ba. Ya dube ni, ya saɓa sandarsa ya yi gaba. Wannan ya fi tarar zafi.

Jumu'a, 19 ga Mayu, hantsi

A Tambuwal na kwana. Kawu ya aiko an karɓi keke. Na ba da shi har da famfo. Na tafi gaida Inna, ta ce a ce mini tana barci, da hantsi.

Duk da haka tun safe nike waƙa, har maƙwabta sun leƙo.

Litinin, 22 ga Mayu, bayan la'asar

An biya! Kawu ya sai da bijimai a kasuwa, ya aiko da kuɗɗin cikin jakar fata, shi bai zo ba. Muhuti na kiran suna, alƙali na kallo, ana zuba wa mutum fam goma da sule goma a tafin hannu. Na'iya ya ƙirga nasa sau ukku, ya ciji sule guda, ya ce yana so ya tabbata ba mafarki ba ne. Wani dattijo cikinsu da ya karɓa sai ya zauna ƙasa ya rufe fuska da hula. Ba wanda ya yi masa dariya.

Daga zauren kasuwa sunka nufa. Na ga jakai biyar sun ɗauki gero, na ci da na shuka. Na'iya ya fanso tasoshin Atu, ya kife ɗaya a kai kamar hular soja, haka ya ratsa kasuwa yana gaida mutane.

Ni ma tawa takardar ta iso: an dakatar da ni wata ukku ba albashi. Na karanta wa Bara'atu da na komo, ta ce, "Wata ukku kawai? Da na ɗauka shekara ce." Ta ce akwai sauran dawa, in ta ƙare a ga abin da Allah zai yi.

Da ƙafa na komo Kebbe tare da su. Ɗangiwa na gaba, ni ina baya, har munka iso bai waiwayo ba.

Laraba, 24 ga Mayu, hantsi

Ruwa ya sauka kamin asuba, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Ina idar da sallah na ji sallama. Na fita, ga su su goma sha biyu, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri, ƙafafu duk laka.

Ɗangiwa ya ce, "Malam, sauri mukai, ƙasa ba ta jira. Na yi hushi da kai, ba ni ɓoye maka. Kwana arba'in kana kallon muna cin rama da magana cikin bakinka."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Amma ka tashi wurin da ba wanda yat tashe ka. Wannan kuma na gani." Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Sule goma sha biyu, kowa ya sa guda. "Ladan rubutun ƙara na."

Na ja da baya na ce wallahi ba ni karɓa, ni da na jawo musu wannan wahala, ai ni ya kamata in biya.

Ya ce, "Wancan alƙali ya yi maka hukuncinai, ya wuce. Wanga aiki na ka yi muna, kwana talatin da biyar kana bisa hanya. Mu ba mu riƙe haƙƙin ma'aikaci, Malam. Mun san yadda shike."

Hawaye sunka zubo mini gaban ɗalibaina, ban ko share ba. Na miƙa hannu biyu na karɓa.